Hakeem Olajuwon, Ɗan Wasan Ƙwallon Kwando

1. Yadda wasan yake

Ƙwallon kwando wasa ne na hannu. Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mutum biyar cikin fili. A kowane ƙarshen fili akwai allo, a jikin allon akwai zoben ƙarfe da raga. Wannan zobe shi ake kira kwando. Tsayinsa daga ƙasa mita 3 ne da santimita 5. Wanda ya jefa ƙwallo cikin kwandon abokan karawa ya samo wa ƙungiyarsa maki biyu. In daga nesa ya jefa, daga bayan wani layi da aka shata, maki uku ke nan. Ba a gudu da ƙwallo a rungume, sai dai ana tafe ana buga shi da ƙasa. Ba a ture mutum, ba a riƙe shi.

Wani malamin motsa jiki mai suna James Naismith shi ya ƙago wasan a Amurka cikin shekarar 1891. Lokacin sanyi ne, ɗalibansa ba su iya wasa a waje. Sai ya kafa kwanduna biyu na zuba ƴaƴan itace cikin wani babban zaure, ya ba su ƙwallo. Daga nan wasan ya samo sunansa.

2. Tsani mai hawa uku

A Amurka, hanyar da yawancin manyan ƴan wasa suka bi kamar tsani ce mai hawa uku. Hawa na fari shi ne makarantar sakandare, watau daidai da kwaleji da lise a Nijar. Hawa na biyu jami'a. Mutanen Amurka sukan ce wa jami'a kwaleji, saboda haka kada a rikita ta da kwalejin Nijar. Hawa na uku shi ne wasan ƙwararru, inda wasa ya zama sana'a, ana biyan mutum albashi. Babbar gasar ƙwararru sunanta NBA.

Tsanin nan gindinsa da faɗi, samansa kuwa tsukakke ne. Samarin da ke buga wa makarantun sakandare wasa a Amurka sun haura dubu 500. Amma ƙungiyoyin NBA 30 ne kawai, kuma sababbin ƴan wasan da suke zaɓa a taronsu na shekara ba su wuce 60 ba. Ga labarin wani yaro ɗan Afirka wanda ya hau tsanin tun daga ƙasa har ƙololuwa.

3. Hawa na fari: Legas da Sakkwato

An haifi Hakeem Olajuwon ran 21 ga Janairu 1963 a Legas, cikin Najeriya. Iyayensa Yarabawa ne Musulmi, sana'arsu sayar da siminti. Sun yi wa ƴaƴansu tarbiyya ta gaskiya da aiki da girmama na gaba.

Yana yaro bai san ƙwallon kwando ba. Ƙwallon ƙafa yake bugawa, shi ne mai tsaron gida. Bayan haka ya shiga ƙwallon hannu. Aikin mai tsaron gida shi ne ya zuba wa ƙwallo ido, ya yi tsalle dama ko hagu kafin ƙiftawar ido, kuma ya san inda zai sa ƙafarsa. Yaron bai sani ba, ashe guzuri yake tarawa.

Ya yi karatun sakandare a wata makarantar horon malamai ta Musulmi da ke Legas. Yana ɗan shekara 15, aka shirya bikin wasanni na makarantun horon malamai na Najeriya a Sakkwato, garin da ba shi da nisa da Birnin Ƙonni. Hakeem yana cikin ƴan ƙwallon hannu na makarantarsu. Wani ɗan'uwansa ɗalibi ya dubi tsawonsa, ya je wurin mai horarwa, ya roƙa a sa shi cikin ƴan ƙwallon kwando. Aka yarda.

Da farko abin bai zo masa da sauƙi ba. Tsawo dai ga shi, amma bai san dokokin wasa ba, bai iya jifa ba. Abu guda ya iya tun ran farko, watau tare ƙwallo. In abokin karawa ya jefa, sai ya yi tsalle ya doke ƙwallon tun bai kai kwando ba, kamar dai yadda ya saba a bakin raga. Sauran kuwa sai da ya koya ɗaya bayan ɗaya. Da koyo akan iya. Cikin shekara biyu har ya kai ga buga wa Najeriya wasa.

Wani mai horarwa Ba'amurke, Christopher Pond, ya gan shi yana wasa. Ya ba shi shawara ya tafi Amurka ya gwada sa'arsa a jami'a, ya kuma yi masa hanya.

4. Hawa na biyu: jami'ar Houston

Hakeem ya tashi daga Legas cikin 1980, yana ɗan shekara 17. Jirgi ya sauke shi a Niyok, sanyi ya buge shi irin wanda bai taɓa ji ba. Bai tsaya ba, ya wuce kudu zuwa birnin Houston, a jihar Tekzas, inda ake zafi kamar na gida. Ana faɗin sunan birnin Hiyustan. Ba wanda ya zo tarbarsa a filin jirgi. Da ya buga waya jami'a, sai aka ce masa ya hau tasi ya zo. Ba su sa rai da wani abin kirki ba.

Mai horar da ƙungiyar jami'ar, Guy Lewis, da ya ga tsawon yaron da saurin ƙafarsa, sai ya karɓe shi. A wancan zamani ɗan wasan jami'a ba ya samun albashi. Abin da ake ba shi karatu ne kyauta, da ɗakin kwana, da abinci. Kuma dole ya shiga aji ya ci jarrabawa, in ba haka ba a hana shi wasa.

Shekarar farko Hakeem bai buga ko wasa ɗaya ba, don hukumar wasannin jami'o'i ba ta ba shi izini ba tukuna. Horo kawai yake yi. A shekara ta biyu aka fara sa shi, amma yawancin lokaci yana zaune a benci. Jikinsa bai yi ƙwari ba, yana saurin gajiya. Ga shi kuma da yawan laifi cikin wasa. A dokar jami'a, wanda ya yi laifi biyar alƙalin wasa ya fid da shi. Yaron da ake ji da shi a Legas ya koma ɗan koyo.

Ya tambayi masu horarwa abin da zai yi a riƙa sa shi wasa. Suka ce ya tafi wani zauren wasa na unguwa da ake kira Fonde, inda ƙwararru ke taruwa lokacin hutu. A can ya gamu da Moses Malone, babban ɗan wasan ƙungiyar ƙwararru ta Houston, wanda aka zaɓa gwarzon NBA a 1979 da 1982. Malone ƙaƙƙarfa ne, ba ya raga wa kowa. Duk tsawon hutun 1982 Hakeem yana karawa da shi. Ya sha ture, ya sha kaye, gobe ya dawo. Da aka koma makaranta, sai aka ga kamar an canja mutum. Ya yi ƙarfi, ya daina tsoron kowa a gindin kwando. Mutane suka yi masa laƙabi da wata kalmar Ingilishi mai nufin “Mafarki”.

A ƙarshen kowace kakar wasa, jami'o'in Amurka suna yin babbar gasa cikin watan Maris. Wanda aka cinye sau ɗaya ya fita. Cikin 1983 Houston ta kai wasan ƙarshe. Tana da gwanaye, cikinsu har da Clyde Drexler, abokin Hakeem, kuma kowa ya ɗauka kofi nata ne. Abokiyar karawarta ita ce jami'ar jihar Karolina ta Arewa. Saura ƴan daƙiƙoƙi a tashi, kowane ɓangare yana da maki 52. Wani ɗan Karolina ya jefa ƙwallo daga nesa, ƙwallon ya gaza kai kwando. Hakeem kuwa ya ɗan matsa daga gindin kwando. Sai wani mai suna Lorenzo Charles ya yi tsalle, ya cafe ƙwallon a iska, ya cusa shi ciki. Aka tashi 54 da 52. Duk da haka Hakeem aka zaɓa gwarzon gasar, abin da ba a cika yi wa wanda aka cinye ba.

Cikin 1984 Houston ta sake kaiwa wasan ƙarshe. Wannan karo jami'ar Georgetown ta cinye ta 84 da 75. Babban ɗan wasan Georgetown sunansa Patrick Ewing. A riƙe wannan suna, don zai sake fitowa cikin labarin.

5. Ranar zaɓe

Ɗan jami'a ba shi ke zaɓen ƙungiyar ƙwararrun da zai shiga ba, ƙungiyoyi ne ke zaɓensa. Kowace shekara suna yin taro. Waɗanda suka fi rauni a kakar da ta wuce su ake ba damar fara zaɓe, don kada masu ƙarfi su kwashe gwanaye duka.

Cikin 1984 Hakeem ya bar jami'a, saura masa shekara guda ta wasa, ya ba da sunansa. Aka jefa kwabo sama tsakanin ƙungiyar Houston da ta Portland don a san mai fara zaɓe. Houston ta ci. Ran 19 ga Yuni 1984, a Niyok, sunan da aka fara kira shi ne na yaron Legas. Wanda aka kira na uku kuwa shi ne Michael Jordan. Shekara shida ke nan kacal tun da Hakeem ya fara taɓa ƙwallon kwando.

6. Hawa na uku: cikin ƙwararru

Sunan sabuwar ƙungiyarsa Houston Rockets, lambar rigarsa 34. A takardun wasa an rubuta tsawonsa mita 2 da santimita 13. Wasan ƙwararru ya fi na jami'a wuya. A jami'a minti 40 ake yi, a NBA minti 48. Kowace ƙungiya tana buga wasa 82 a kaka guda, yau wannan gari, jibi wancan. Bayan haka waɗanda suka fi ƙoƙari su shiga zagayen neman kofi. A wannan zagaye, ƙungiyar da ta riga cin wasa huɗu a karon ƙarshe ita ke ɗaukar kofi.

Tun shekarar farko Hakeem yana cin maki wajen 20 a kowane wasa. Yana da abokin wasa wanda ya fi shi tsawo, Ralph Sampson, mai mita 2 da santimita 24. Cikin 1986 suka kai karon ƙarshe, amma ƙungiyar Boston ta cinye su wasa 4 da 2. Karo na uku ke nan da Hakeem ya kai bakin kofi ya koma hannu wofi.

Daga nan al'amura suka dagule. Ciwon gwiwa ya kama Sampson, ya bar Houston cikin 1987, bai sake komawa yadda yake ba. Cikin shekarar nan kuma aka kori ƴan wasan ƙungiyar biyu saboda shan miyagun ƙwayoyi. Nauyi duka ya koma kan Hakeem.

Shi ma yana da nasa aibi biyu. Na fari zafin rai. In an taɓa shi sai ya rama, in alƙali ya busa masa laifi sai gardama. Cikin 1986, a wani babban wasa da ƙungiyar Los Angeles Lakers, an kore shi daga fili saboda faɗa, sai abokansa ne suka ƙarasa wasan ba tare da shi ba. Na biyu, bai cika yarda da abokan wasansa ba. In mutum biyu ko uku suka kewaye shi, sai ya ce lalle shi zai jefa. Shekara bayan shekara yana tara maki, kofi kuwa babu.

Sannu a hankali ya gyara. Ya koma ga addininsa da gaske, ya riƙe salla, yana karatun Alƙur'ani ko cikin jirgi. Cikin 1991 ya gyara rubutun sunansa. Da can a Amurka ana rubuta shi Akeem, sai ya mai da shi Hakeem, daidai da asalinsa na Larabci. Faɗa ya ragu, natsuwa ta zo. Cikin 1992 ƙungiyar ta samu sabon mai horarwa, Rudy Tomjanovich. Ya tsara wasa haka: a ba Hakeem ƙwallo kusa da kwando, in an bar shi da mutum ɗaya ya ci, in an taru masa ya miƙa wa abokin da aka bari shi kaɗai. Hakeem ya yarda. Ya gane hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Duk lokacin hutu kuma yana ƙara wa ƙafarsa dabara. Yakan juya wa kwando baya, ya yi kamar zai bi dama, mai tsaronsa ya karkata, sai ya bi hagu. Ko ya ɗaga ƙwallo kamar zai jefa, mai tsaro ya yi tsalle a banza, shi kuwa ya sulale ta ƙasa. Shi da kansa ya sha faɗi cewa ƙwallon ƙafa ne ya koya masa wannan.

7. Kofi biyu

Cikin 1994 Houston ta kai karon ƙarshe. Abokiyar karawarta ita ce ƙungiyar Niyok, babban ɗan wasanta kuwa Patrick Ewing, wanda ya hana Hakeem kofin jami'a shekara goma da suka wuce. Niyok ta ci wasa 3, Houston 2. In Niyok ta ci na shida, magana ta ƙare. Saura daƙiƙa kaɗan, Houston tana gaba da maki biyu, 86 da 84. Wani ɗan Niyok, John Starks, ya tashi zai jefa na maki uku. Wannan karo Hakeem yana inda ya kamata. Ya yi tsalle, ya taɓa ƙwallon da bakin yatsunsa, ƙwallon ya kauce. A wasa na bakwai Houston ta ci 90 da 84, ta ɗauki kofinta na farko.

A shekarar nan aka zaɓi Hakeem gwarzon kaka, da gwarzon masu tsaro, da gwarzon karon ƙarshe. Kafin shi ba wanda ya taɓa haɗa ukun nan cikin kaka guda. Shi ne kuma mutum na farko da aka haifa wajen Amurka ya zama gwarzon NBA.

Cikin 1995 tsohon abokinsa na jami'a, Clyde Drexler, ya dawo Houston. Watan Fabrairu na shekarar ya zo daidai da Ramadan. Hakeem bai aje azumi ba, ko da wasa ya faɗo da rana, amma duk da haka shi aka zaɓa gwarzon watan. A karon ƙarshe suka cinye ƙungiyar Orlando wasa 4 ba ko ɗaya. Abokan nan biyu da suka rasa kofi tare a 1983 suka ɗaga shi tare bayan shekara 12.

Hakeem ya zama ɗan ƙasar Amurka cikin 1993, ya kuma ci lambar zinariya tare da ƙungiyar Amurka a wasannin Olimfik na 1996. Ya yi kaka 17 a Houston, ɗaya a Toronto ta Kanada, ya aje wasa cikin 2002. Ya ci maki 26,946. Ya tare ƙwallo sau 3,830, kuma tun da aka fara ƙidayar wannan a NBA ba wanda ya kai shi. Bayan ya bar fili, manyan ƴan wasa irin su Kobe Bryant da LeBron James sun je wurinsa koyon aikin ƙafa, kamar yadda shi ma ya je wurin Malone. Cikin 2022 NBA ta sa sunansa a kan kyautar da ake ba gwarzon masu tsaro.

Abin riƙewa

Tsawo shi ya buɗe wa Hakeem ƙofa, amma dogaye da yawa sun shiga ƙofar ba su yi nisa ba. A kowane hawa ya isa yana ɗan koyo. A sakandare ya koyi wasan. A jami'a ya koyi ƙarfi da haƙuri. Cikin ƙwararru ya koyi danne fushi da yarda da abokan aiki. Sau uku kofi yana kuɓuce masa kafin ya riƙe shi, kuma abin da ya koya yana yaro a bakin raga bai ɓata ba.

Ma'anar kalmomi

ƙwararre: wanda ya gwanance da abu har ya zama sana'arsa.
maki: abin da ake ƙidayawa don a san wanda ya ci wasa.
kakar wasa: watannin da ake yin gasa cikin shekara.
mai horarwa: malamin da ke koya wa ƴan wasa, ya kuma tsara musu wasa.
benci: wurin zaman ƴan wasan da ke jiran a sa su.
gwarzo: wanda ya fi kowa ƙoƙari.
laƙabi: sunan da mutane ke sa wa mutum bayan sunansa na yanka.

Tambayoyi

1. Wane ne ya ƙago ƙwallon kwando, kuma a wace shekara?
2. Ku faɗi hawa uku na tsanin ɗan wasa a Amurka.
3. Waɗanne wasanni Hakeem ya yi kafin ƙwallon kwando? Me suka amfane shi da shi?
4. Don me ya zauna a benci da ya isa jami'a?
5. Me ya samu daga karawa da Moses Malone?
6. Don me ake ba ƙungiyoyi masu rauni damar fara zaɓe?
7. Ku kwatanta daƙiƙoƙin ƙarshe na wasan 1983 da na wasa na shida na 1994. Ina bambancinsu?
8. Waɗanne abubuwa ne suka tsai da wasu abokan wasansa a hanya?

Lissafi

1. Kwando yana da mita 3 da santimita 5. Hakeem yana da mita 2 da santimita 13. Santimita nawa ke tsakani?
2. Shekarar Hakeem nawa sa'ad da ya ɗauki kofinsa na farko?
3. Ɗan wasa yana cin maki 20 a kowane wasa. Maki nawa zai tara cikin wasa 82?

Aiki

1. Ku nemo Legas da Sakkwato da Birnin Ƙonni a taswirar Afirka ta Yamma. Ku nemo Niyok da Houston a taswirar Amurka.
2. Ku fassara sashen “Abin riƙewa” da Faransanci.
3. Kowa ya rubuta layi goma a kan wani abu da ya yi masa wuya da farko, da wanda ya koya masa shi.